Lalle a Garkata

Jama'a, ku zo mu yi zancen lalle. Kowa ya san shi a hannun amarya, amma ba kowa ba ne ya san shi a garka.

Garkata tana kan tudu, nesa da tabkin Madarunfa. Ƙasar rairayi ce. Rana tana dukanta tun safe har la'asar. Tumatir da salati ba su jure wurin, don suna son ruwa kullum. Shi kuwa lalle, rana ba ta dame shi ba. Icen ƙasarmu ne, kakanninmu sun san shi.

Ga yadda nake dasa shi. Idan damina ta kama sosai, a watan Yuli, sai in yanko reshe mai ƙwari, tsawon kamu ɗaya. In haƙa rami, in zuba taki kaɗan, in soke reshen, in danne ƙasa. Tsakanin rami da rami taki ɗaya. Ranin farko ina ba shi ruwa sau 2 a mako. Ina kuma kewaye shi da ƙaya saboda bisashe. Da saiwa ta nutsa, wahala ta ƙare.

Mi ake samu? Na farko, shinge mai rai. Dangar kara takan ruɓe, gara ta cinye ta. Lalle kuwa yana nan, yana tare iska da ƙura. Na biyu, fure. Ƙanana ne, farare, ƙamshinsu yana cika gida da maraice. Na uku, ganye. Uwargidana tana yanke rassa, ta shanya a inuwa, ta daka, ta tankaɗe. Lokacin salla da biki mata suna saye. Da kuɗin muke sayen sabulu da littafin yara.

Akwai gargaɗi guda. Baƙin lalle na kanti sau da yawa ana haɗa shi da sinadari mai ƙona fata. Na garka ja yake kamawa, kuma kun san abin da ke ciki.

Waɗanda suka ga farin 1984 sun san yadda ƙasa take idan babu itace. Tun daga lokacin manoman jihar Maradi suke barin sabara da kalgo su tofo a gona. Mu ma a gida mu yi namu. Bana kowa ya roƙi reshe 5 wurin maƙwabci, ya dasa. Da yayyafi kogi kan cika.