Garkuwa Mai Girman Tafin Hannu

Idan kana da yaron da ya tashi a nan Malesiya, ka ba shi takarda ka ce ya zana maka garkuwa. Zai zano maka mai faɗin kafaɗa da tsinin gindi, ga zaki ko dodo mai fukafukai a tsakiya. Ta Turawa ce, irin wadda yake gani a wasannin kwamfuta. Kada ka yi masa faɗa, ita ya sani. Dalilin da ya sa ke nan a sha'awata ta haɗa ƙananan garkuwoyi ba na bin zanen da ke zuwa a kwali.

Akwai masu irin wannan sha'awa a Kuala Lumpur, musamman masu wasan Warhammer na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila. Su sojojin roba suke fentawa, waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. Ni garkuwa kaɗai nake yi, don haka ko surukata ta zo babu muhawarar mutum-mutumi a falo.

Mu ma fa muna da namu. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Garkuwa kuma da fata ake yin ta, kuma ba iri ɗaya ba ce: akwai kutufani, babba wadda ke kāre mahayi har da gefen dokinsa, akwai kunkeli, ƙarama mai zagaye. Har yau Garkuwa sarauta ce a masarautunmu. Ka tambayi ɗanka ko ya taɓa jin ɗaya daga cikin waɗannan sunaye.

Aikin ba shi da tsada. Kwali mai kauri ko soso mai tauri irin na shimfiɗar motsa jiki, gam, almakashi, da fentin da ake sirkawa da ruwa, duk za ka samu a shagunan kayan zane na Bangsar ko Mid Valley. Fatar ce sai daga gida. In wani zai taho, maimakon kilishi kawai, ka roƙi guntayen fatar da dukawa ke zubarwa a Kasuwar Kurmi, musamman jar nan da aka rina da karan dafi. Ka jiƙa ta kaɗan, ka ja ta a kan kwalin, ka ɗaure a bayan cokali ko murfin kwalba ta kwana, za ta ɗauki lanƙwasa da kanta.

Wajen fenti ne ake gane mai haƙuri. Sabuwar garkuwa mai ƙyalli ba ta da labari, sai ka tsufar da ita. Ka fara da launi mai duhu, ka bar shi ya bushe. Sannan ka tsoma buroshi a launi mai haske, ka goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, ka shafa sama-sama, sai gefuna su fito kamar sun sha hannu da rana. Ruwan shayi mai kauri yana ba ta dauɗar tafiya. Tabon mashi kuwa, tsinin allura ya isa, amma biyu ko uku, kada ka mai da ita rariya. Kuma ka tuna Lembah Pantai ba Katsina ba ce: abin da hunturu zai busar kafin ka gama alwala, a laimar nan sai ya yini, fata kuma tana yin fumfuna in ka rufe ta a leda.

To, wa ake yi wa garkuwar? Nan ne almara ke shigowa. Babu wanda ya ga ta Bayajidda ko ta Sarauniya Amina, saboda haka filin naku ne kai da yaron. Zai tambaye ka me za a zana, dole ka ba shi labarin rijiyar Kusugu da macijin da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ka ba shi da Hausa, ko da zai amsa maka da Turanci ko Malayanci. Ta Bayajidda da ke kan teburina yanzu baƙar da'ira ce a tsakiya, ita ce bakin rijiyar, da dagi a sama. 'Yata ta dage sai an ƙara guga, gobe za mu nemi zaren da zai zama igiyarsa.