Kwana Uku A Garnaɗa: Guzurin Da Muka Dawo Da Shi

 

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami a ƙasar Hausa yana da alaƙa da Andalus, ko ya sani ko bai sani ba. Muwaɗɗa Malik da muke karantawa ruwayar Yahya bin Yahya ce, mutumin Ƙurɗuba. Mai Alfiyya, Ibn Malik, a Jayyan aka haife shi. Alƙali Iyad mai Ashafa ya yi alƙalanci a Garnaɗa, haka nan Ibn Asim mai Tuhfatul Hukkam, wadda alƙalanmu ke dubawa har yau. Wannan ne ya sa da Allah Ya hore mana ɗan hutu ni da uwargida, muka zaɓi Garnaɗa, birnin da ke kudancin ƙasar Sifen, wanda mutanensa ke kira Granada, wato rumman a harshensu.

Jarrabawar farko a akushi take. Al'adar garin ce idan ka sayi abin sha, ko da lemo ne, a haɗo maka da ɗan abinci kyauta, suna ce masa tapas. Sai dai naman alade ya ratsa girkinsu ƙwarai. Za ka ga cinyoyinsa busassu rataye a shaguna, ana yayyanka shi a cikin wake, kitsensa kuma yana shiga wasu kayan zaƙi da ido ba zai taɓa zarginsu ba. Saboda haka muka haddace kalmomi biyu, hamon da manteka, wato naman da kitsen, muna tambaya kafin mu kai loma. Matambayi ba ya ɓata, kuma babu wanda ya ɓata mana rai don mun tambaya.

Halal ɗin kuwa yana da yalwa. Mun ci soyayyen gauta irin nasu, baƙi mai girma, da aka yaryaɗa wa zumar rake mai ɗanɗanon mazarƙwaila. Mun ci remohon, kwaɗon lemon zaƙi da kifi mai gishiri da albasa da zaitun. Da safe muka karya da curos, soyayyen ƙullin fulawa da ake tsomawa a cakulan mai kauri. A wani siririn lungu mai suna Kaldereriya, inda Larabawan Maroko ke da shagunan shayi, muka sami kuskus da shayin na'ana'a. Uwargida ta lura cewa sunayen mai da sukari da shinkafa a harshensu duk daga Larabci suke. Ta ce, "Malam, ashe an kori masu girkin, an riƙe tukunyar."

Kashegari muka hau Alhamra, fadar sarakunan Banu Nasr, waɗanda suka mulki birnin daga 1238 zuwa 1492. Gani ya kori ji. A farfajiyar da Sarki Muhammad na biyar ya gina a ƙarni na 14 akwai zakoki 12 na marmara ɗauke da kwatarniyar ruwa, ginshiƙai 124 na kewaye da su. Ruwan da ke gudana a fadar da lambunanta daga kogin Darro aka janyo shi, ta magudanar da ta bi gefen dutse tsawon kilomita shida ko kusa da haka, ba tare da inji ba, gangara kawai da lissafi. A jikin bangaye kuma an sassaƙa taken gidan sarautar sau ba adadi, ma'anarsa babu mai rinjaye sai Allah.

Wannan take ya tsaya mini a rai, domin waɗanda suka rubuta shi sun ga gaskiyarsa a kan kansu. A shekarun ƙarshe, yayin da rundunar Fadinandu da Isabela ke cin garuruwansu ɗaya bayan ɗaya, Sarki Abul Hasan da ɗansa Abu Abdullahi da ƙaninsa Az-Zagal suna yaƙar juna a kan karaga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 2 ga Janairu 1492 Abu Abdullahi ya miƙa mabuɗan birnin bisa alkawarin za a bar Musulmi da addininsu da masallatansu. Ba a cika shekara goma ba aka warware alkawarin. A dandalin Bib Rambla, inda muka sha cakulan, aka tara littattafan Larabci aka cinna musu wuta, aka tilasta wa jama'a barin Musulunci, sannan daga 1609 zuwa 1614 aka kori jikokinsu daga ƙasar. Makarantar da Sarki Yusuf na ɗaya ya kafa a 1349 tana nan kusa da babban cocin garin, mihrabinta ya zama abin kallon baƙi.

Amma ka duba ikon Allah, ya ɗan'uwa. Fadar ta fita daga hannun masu ita, ilimin da aka rubuta a ƙasar kuwa ya tsallaka teku da Sahara, ya sauka a Timbuktu da Agadas da Katsina da Kano, yana raye a bakin almajirai. Hanyar ma tsohuwa ce: Abu Ishaƙ As-Sahili, mawaƙi ɗan Garnaɗa, ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324, ya biyo shi Mali, kabarinsa yana Timbuktu. Uwargida, wadda ta tashi tana jin mahaifinta yana karanta Ashafa duk watan azumi, ta daɗe shiru, sannan ta ce ba ta taɓa zaton littafin da ke kan buzunsa yana da dangantaka da waɗannan tituna ba.

A yini na uku muka haura unguwar Albayazin, mai fararen gidaje da lunguna masu kwana-kwana kamar na cikin birnin Kano. A ƙololuwarta akwai masallacin da aka buɗe a 2003, bayan fiye da shekara 500 da faɗuwar birnin. Daga lambunsa ana hango Alhamra tana yin ja da faɗuwar rana, tsaunukan Siyera Nebada a bayanta. Nan muka yi Magariba, sahu ɗaya da Turawan Sifen da suka musulunta da 'yan Maroko da 'yan Senegal.

Tambayar da na dawo da ita ta shafe mu ne, mu matasan yau. Mutanen Garnaɗa sun fi mu gini, sun fi mu tsarin ruwa, malamansu kuma har yanzu mu ɗalibansu ne, duk da haka rarrabuwar kai ta cinye su. Mu kuwa da littattafan nan suka iso hannunmu, har ga su a wayoyinmu kyauta, nawa ne cikinmu suka sauke ko da ɗaya? Kuma awa nawa muke ɓatarwa a intanet muna jifan juna a kan saɓanin da malaman da suka rubuta su suka ɗauka da sauƙi?

Wanda Allah Ya ba ikon zuwa, ya sayi tikitin Alhamra tun makonni kafin tafiya, domin shiga fadar da ƙayyadadden lokaci ne, ya kuma riƙe fasfo ɗinsa. Ya tafi da iyalinsa in da hali, domin kwana ukun nan mun yi hirar da hidimar gida ta daɗe tana hana mu. Wanda bai samu ba, ya ɗauki Ashafa ko Muwaɗɗa ya nufi zauren malami, rabonsa na Andalus yana can.

Allah Ya jiƙan Musulmin Andalus, Ya haɗa kawunanmu, Ya ciyar da mu halal, Ya sa mu dace.