Gansakuka a Fadamun Bagudo

Idan ruwan Kwara ya ja baya, yakan bar tafkuna a fadamun Bagudo, daga Illo har Lolo a bakin iyakar Benin. Zafi na kankama, sai gansakuka ta lulluɓe su, kore shar. Rana take so, da ruwan da ba ya gudu. Takin zamani daga gonakin shinkafa da kashin shanu kuma suna ciyar da ita.

A gida maganinta da sauƙi: a goge randa, a rufe tanki don kada rana ta shiga. Tafkunan ne ke damuna, domin nan yara ke iyo, nan mata ke ɗiban ruwa. Alif yana kwantar da laka, amma ruwan sha sai an tafasa.