Tantabarun 15 ga Janairu

1/ Jiya da daddare ƙanina ya ce in ara masa data zai cike fom ɗin shiga soja. Shekararsa 19. Na tura masa, amma wallahi barci bai ɗauke ni ba. Ku ɗan yi haƙuri, yau zan yi dogon rubutu.

2/ A gidanmu nan Ƙofar Jatau akwai wani tsohon gwangwani a ɗakin Hajiya, da lambobin yabo biyu a ciki. Na mahaifinta ne, ya je yaƙin Bama. Tun muna yara ake nuna mana: "Kun ga jinin jarumta." Sai da na girma ta faɗa min sauran labarin: har ya rasu yana firgita cikin barci, kuma ba ya son a ambaci Bama a gabansa.

3/ Ko kun san barikin Chindit da ke nan Zariya, inda Depot take horar da kurata, sunan rundunar Turawan Ingila ne da ta yi yaƙi a dajin Bama? 'Yan Najeriya na cikinta a 1944. Yaƙin wasu ne, albashin ma bai kai na farar fata ba. Yau a ƙarƙashin wannan sunan ake aske kan sabbin yara.

4/ Duk 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da aka gama yaƙin basasa a 1970. A ajiye furanni a Abuja, a harba bindiga, a saki fararen tantabaru. (A 2021 ma tantabarun ƙin tashi suka yi, muka yi ta dariya a Twitter.)

5/ Abin da ke damuna shi ne jawaban. Kullum ma'anarsu ɗaya: kada jininsu ya tafi a banza. To me ke biyo baya? A ƙara tura wasu. Mamacin ba ya magana, don haka kowa na iya cewa ga abin da yake so. An mai da shi bashi a wuyan mai rai.

6/ Kar wani ya ce na raina soja. Wanda ya kwana a daji don mu bi hanyar Kaduna lafiya ya fi ni. Amma in har tunawa ce da gaske, a tuna da Metele, Nuwamba 2018, a kuma tambaya: me ya sa aka rasa sojoji da yawa haka, wa ya amsa laifi? Wannan tambayar ba ta shiga fareti.

7/ Akwai wata a layinmu, mijinta ya tafi Borno bai dawo ba. Shekara nawa tana yawon ofis-ofis da takardu a leda. Ba a taɓa gayyatarta sakin tantabara ba.

8/ Da safe na ce masa, "Kai, don ƙasa za ka shiga ko don babu aiki?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ka samo min wani aikin mana." Ban da amsa. Hajiya ba ta sani ba tukuna, kuma ya ce ni zan faɗa mata.