Takardun Motar Baba

Sa'ad da tsohon hedimastan ya rasu, abin da ya bari bai taka kara ya karya ba: gida ɗaya, da littattafai, da mota ƙirar Peugeot 504 wadda aka harhaɗa a Kaduna a 1978. Ƙannen babban ɗansa suka ce a sayar da motar a raba. Shi kuwa ya roƙi a dakata, domin ya tarar da wata adaka a ƙarƙashin gadon marigayin.

A cikin adakar akwai rasit na asali wanda aka buga da tafireta, da ɗan littafin garanti mai hatimin dillali, da takardar rajista ta farko. Gara ta ci gefen rasit ɗin, tsatsar fil kuma ta bar tabo, amma lambobin suna nan daram. Ya ɗauki tocila ya buɗe gaban motar, ya goge maiƙo, ya gwada. Lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar ta dace da ta rasit. Ta injin kuwa ba ta dace ba.

Wannan ya hana shi barci. Ai su masu tara tsofaffin motoci, abin da suke fara dubawa ke nan, watau ko injin da ke ciki shi ne wanda motar ta fito da shi daga masana'anta. A Ingila har akwai gidan tarihin motoci a garin Gaydon mai ba da takardar shaida daga ainihin kundayen masana'antu. A Amurka kuma, tun daga 1967 kamfanin Chevrolet ya riƙa liƙa takardar bayanin kowace Corvette a kan tankin manta, yau mutane sukan sauke tanki don neman wannan 'yar takarda kawai.

Wani dillali da ya zo ganin motar ya ce abin mai sauƙi ne. Ya san mai tsohuwar tafireta, a sake rasit, a sa lambar injin yanzu, a kuma ja shekarar baya zuwa 1972 don kuɗin ya ƙaru. Magajin ya yi murmushi. Dillalin bai san cewa sai a 1975 masana'antar Kaduna ta fara aiki ba, kuma rasit na 1972 da fam da sule za a rubuta shi, gama naira ba ta zo ba sai Janairun 1973. Amma ba tsoron a gane ne ya hana shi ba. Sa hannun mahaifinsa yana ƙasan wannan takarda, mutumin da ya shekara talatin yana horon yara a kan satar amsa.

Kwana uku bayan haka, yana juya littafin garanti sai wata takarda ta faɗo. Rubutun wani bakanike ne da biro, na 1991, yana shaida ya sauke tsohon inji ya ɗora wani, ga lambobin duka biyu. Marigayin ya ƙara da hannunsa cewa ruwa ne ya shiga injin a daminar shekarar.

An shawarce shi ya kai takardun a lulluɓe su da leda mai zafi, ya ƙi, don ba a iya ɓare ta ba tare da an ɓata takarda ba. Ya cire fil ɗin, ya ɗauki hotonsu, ya shimfiɗa kowace tsakanin farar takarda, ya mai da su adaka. Sa'an nan ya kira ƙannensa, ya ce a yi wa motar kuɗi da injinta na biyu, shi zai biya su rabonsu.