Kwana Biyu A Cardiff Cikin Matan Da Ke Ƙara Wa Fim Labari

Jirgin ƙasa daga tashar Paddington ta Landan zuwa Cardiff tafiyar kusan awa biyu ce. Ana dab da isa zai nutsa da ku cikin wani dogon rami da aka haƙa a ƙarƙashin kogin Severn, in kun ɓullo ta ɗaya gefen kun bar Ingila ke nan, kun shiga Wales. Abin da zai fara gaya miki haka shi ne allunan tasha, domin komai da harshe biyu aka rubuta shi, Turanci da yarensu na gado. Su Caerdydd suke kiran birnin. Mutane ne masu kishin harshensu ƙwarai. Suna da tashar talabijin tasu mai suna S4C tun 1982, kuma akwai wani shiri mai dogon zango da suke yi da yarensu, Pobol y Cwm, wanda aka fara a 1974 har yau ba a daina ba. Ki ƙiyasta Daɗin Kowa ya kai shekara hamsin ana yinsa.

Ƙanena ne ke aiki a garin, na je musu hutu. 'Yarsa ta fari shekararta 16, kuma ta daɗe tana naci a bar ta ta je wani ƙaramin taro da masoya shirye-shiryen talabijin ke haɗawa da kansu a wani otal. Dokar taron ita ce duk wanda bai kai 18 ba sai da babba a tare da shi. Uwarta tana da aiki a ƙarshen makon, uban kuma ko sunan abin ba ya son ji. A ganinsa yarinyar da ake so ta karanci likitanci ba ta da lokacin zama tana rubuta tatsuniyoyi a waya har tsakar dare. Da ta dame shi sai ya ce mini, "Yaya, ki raka ta don Allah, ki gano mini su wane ne waɗannan mutanen da take hira da su." Wannan tambaya ce da kowace uwa mai 'ya budurwa da waya a hannu ta taɓa yi wa kanta, shi ya sa na ga ya dace in kawo muku abin da na gani.

Ranar Juma'a, kafin a buɗe taron, ta ja ni zuwa bakin ruwa, unguwar da ake kira Cardiff Bay. A da can tashar jiragen ruwa ce da ake lodin kwal zuwa ko'ina a duniya, kuma ta dalilin haka matuƙan jirgi daga Yaman da Somaliya suka zauna a Butetown tun fiye da shekara ɗari da suka wuce. Jikokinsu na nan, masallatansu na nan, ba za ki rasa naman halal ba. Yanzu an gyare wurin, ga majalisar dokokin Wales, ga katafaren gidan wasanni da aka buɗe a 2004, ga gidajen cin abinci a jere. Amma yarinyar ba waɗannan ta kawo ni gani ba. Ta gangara da ni wata hanyar katako a gefen ruwa, inda na tarar da bango guda cike da wasiƙu da hotuna da furannin roba, wasu rana ta kashe launinsu, wasu sababbi fil. Na ɗauka wani yaron gari ne ya nutse. Ashe ta'aziyya ce ta wani Ianto Jones, mutumin da ba a taɓa haifa ba. Ɗan cikin wani shiri ne mai suna Torchwood, marubuta suka kashe shi a 2009, 'yan kallo suka ƙi haƙura.

Abin da ban dariya, amma na tuna yadda zaurukan WhatsApp ɗinmu suka ɗauki zafi lokacin da aka sauya jarumar da ke fitowa a matsayin Sumayya a Labarina. Mu ma mun iya. Kuma ba yau aka fara ba. A 1893 marubuci Arthur Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes don ya huta, masu karatu suka hana shi sakat, bayan wasu shekaru ya dawo da shi.

Dalilin da ya sa Cardiff ta zama matattarar irin waɗannan mutane shi ne Doctor Who. BBC ta fara nuna shi a Nuwamban 1963, labarin wani baƙo daga wata duniya da ke yawo cikin zamani a wani shuɗin akwati, yau yana shekara dubu baya, gobe yana dubu gaba. Da jarumin farko ya kasa ci gaba saboda rashin lafiya a 1966, sai aka ƙirƙiro dabarar cewa shi wannan baƙo yakan sake fuska da jiki, don haka ake ta sauya jarumai ba tare da labarin ya mutu ba. An dakatar da shirin a 1989, aka farfaɗo da shi a 2005, kuma tun daga lokacin a Cardiff da kewayenta ake ɗaukarsa. A 2023 Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, ya fara fitowa a wannan matsayi.

Taron kansa, wallahi, bai kai walimar suna ta gidan mai hali ba. Ɗakuna uku ne a wani otal mai sauƙin kuɗi, ba mu cika mutum ɗari ba. Babu jarumi ko ɗaya da aka gayyato, babu layin ɗaukar hoto da taurari, babu kamfanin da ya ɗauki nauyi. Kuɗin shiga da kowa ya biya shi ne kuɗin hayar ɗakunan. Wadda ta yi mana rajista ita ce ta jagoranci zaman ƙarfe goma, ita ce kuma na gani da yamma tana kwashe kofunan shayi. Yawancinsu mata ne, kuma ba yara ba. Akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan jinya, akwai masu furfura da sandar dogarawa, wata ma da kwandon saƙarta ta zo, ana muhawara tana saƙa. A katin sunan da ake ratayawa a wuya kowa sunan da aka san shi da shi a intanet ya rubuta, kuma akwai alamar da za ki manna in ba kya son a ɗauke ki hoto. Na manna tawa. Da azahar ta yi na tambayi inda zan yi salla, suka nuna mini wani ɗaki da suka ware don mai son hutawa daga hayaniya, wata ta matsar mini da kujeru ba tare da wata tambaya ba.

Abin da ya tara su shi ne rubutun da suke kira fanfik. Ma'anarsa ki ɗauki mutanen cikin wani fim ko shiri da kike so, ki rubuta musu labarin da masu shirin ba su rubuta ba. Abin da ya faru bayan an rufe ƙofa, ko me zai faru da ba a kashe wane ba, ko yaya ƙuruciyar wance ta kasance. Ba a sayarwa, domin mutanen labarin mallakin wasu ne. Ladan marubuciya shi ne sharhin masu karatu.

A ɗaki na biyu aka shimfiɗa tarihin abin a kan tebur. Tsofaffin mujallu ne da 'yan kallo suka buga da tafireta, suka gurza a inji, suka ɗinke da hannu. Wata dattijuwa da ke gadin teburin ta ce a zamaninsu sai ki saka kuɗi a ambulan ki aika gidan waya, ki jira makonni kafin labari ya iso. Irin wannan mujalla ta farko da masoya Star Trek suka fitar ita ce Spockanalia, a Amurka a 1967, kuma mata biyu ne suka shirya ta. Ina juya shafukan nan ina jin ƙanshin tsohuwar takarda, sai littattafan soyayyarmu na kasuwar Kano suka faɗo mini, waɗanda muka riƙa ɓoyewa a cikin littafin lissafi. Su ma mata ne suka rubuta da yawansu, su ma an raina su. Ɗaukar labarin wani a sake masa riga kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Kowace kaka da irin nata Gizo da Ƙoƙi, kuma Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga littattafan Larabawa da na Turawa ya mayar da su 'yan gida a Magana Jari Ce.

Yanzu ga inda nake so iyaye mata su buɗe ido. Yau rubutun nan a waya yake. Akwai Wattpad, wanda aka kafa a Kanada a 2006, inda marubutanmu na Hausa ma suka cika. Akwai kuma babban rumbun da waɗannan matan suka fi ji da shi, Archive of Our Own, a taƙaice AO3. 'Yan kallo ne suka gina shi da kansu, aka buɗe shi a 2009, 'yan sa-kai ke tafiyar da shi da gudummawar jama'a, babu talla a cikinsa, labaran da ke ciki sun haura miliyan 10, har lambar yabo ta Hugo ya ci a 2019. Sai dai tsarinsa shi ne ba a hana kowa rubuta abin da yake so. Akwai labarai masu tsabta da za ki karanta wa ɗan shekara bakwai. Akwai kuma na batsa tsirara, da na zubar da jini, da na soyayya tsakanin jinsi ɗaya, kuma waɗannan ba kaɗan ba ne. Abin da ke tsakanin yarinya da labarin manya maɓalli ɗaya ne da za ta danna ta ce ta yarda.

Abin da ya rage mana shi ne alamomin da ke kan kowane labari, kuma sun cancanci a haddace su. A gefen sunan labarin akwai ɗan murabba'i mai harafi. G a kan kore na kowa da kowa ne. T a kan rawaya na matasa ne. M a kan ruwan lemo na manya ne. E a kan ja kuwa babu abin da aka sakaya. In babu harafi, marubuciyar ba ta faɗi matakin ba, ki ɗauke shi a matsayin ja. A ƙarƙashi kuma ana jera gargaɗi da bayanin abin da ke ciki, kuma ana iya tace bincike a cire duk matakin da ba a so. Wannan ya fi abin da muke da shi a gida, inda ake turo littafi shafi-shafi a zauren WhatsApp, sai kin yi nisa ki tarar da abin da ba ki shirya gani ba, 'yarki kuma ta riga ki karantawa. A taron ma haka suka yi. Duk zaman da ya shafi labaran manya an rubuta 18 a jadawali, ga mai duba kati a bakin ƙofa. Mu sai muka tafi shan shayi da wata 'yar wainar fulawa mai zabibi da ake gasawa a faranti na ƙarfe. In kin je ki tambaya da me aka yi ta, domin wasu da man shanu suke yi, wasu suna haɗawa da kitsen alade.

Zaman da ya fi tsaya mini a rai na safiyar Lahadi ne, na gyaran rubutu. Kowa ya kawo shafi biyu, a karanta, a tattauna. A nan na fara jin abin da 'yar ƙanena ke rubutawa. Ta ɗauko shuɗin akwatin nan ta sauke shi a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a tsakiyar Kasuwar Kurmi, wata yarinya 'yar masu rini ta tsinci baƙon. Yarinyar da Hausarta ke karyewa in ta gaishe ni, ashe ta yi wata uku tana bin tarihin garin kakanninta. Wata tsohuwar malamar makaranta ta bi shafukan da jan biro. Ba ta yi mata sassauci ba ko kaɗan. Ta ce sakin layi na farko duk bayani ne, a yanke shi. Ta ce baƙon ya cika surutu, 'yar masu rinin kuma ba a ba ta abin yi ba sai mamaki, alhali garinta ne, ita ya kamata ta ja shi. Sannan ta tambaya, kasuwar nan warin me take yi? Yarinya ta yi shiru, ta juyo ta dube ni. "Gwaggo, warin me take yi?"

Na ce ya danganta da layin da kika bi. Na ba su labarin warin fata a wajen dukawa, da na baba a bakin marina, da daddawa, da kanwa, da turaren wuta, da ƙurar da ke tashi in an kora jakuna. Sai ga Turawa kusan ashirin suna rubutawa a littattafansu, wata tana tambayata yadda ake rubuta daddawa. A jirgin komawa gida da yamma ma ba ta bar ni na runtsa ba, sai da na lissafa mata yadda ake gaishe da sarki da abin da budurwa ke ɗaurawa kafin zuwan atamfa, abin da na sani na faɗa, sauran na ce ta kira Hajiya a gida ta tambaya. Ta kira ta kuwa, suka yi minti arba'in, abin da uban ya ce bai taɓa gani ba.

Akwai abin da bai yi mini ba. Hirar dare a mashayar otal ake yinta, don haka muna yin la'asar muke kama hanya, kuma a nan ne aka ce ake ƙulla yawancin zumuncin. Baƙaƙen fata a ɗakin ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, su da kansu sun yi zama guda a kan haka, an yi ta magana mai daɗi, ban ga an tsayar da wani abu ba.

Da aka zo rufewa, ma'ajiyar taron ta miƙe da takarda ta karanta abin da aka tara da abin da aka kashe, har kuɗin biskit, ta ce ragowar za a ajiye don kafin alƙalamin otal na baɗi. Aka nemi masu ɗaukar aikin shekara mai zuwa, aka yi jim, sannan hannaye suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Tawa ta ɗaga nata don aikin teburin rajista, aka ce mata sai ta kawo takardar amincewar iyaye. Da muka isa gida na ajiye wa ƙanena shafuka biyun nan masu jan biro a kan teburin cin abinci, tare da takardar da ake so ya sa wa hannu. Ya karanta shafukan a tsaye, ya ce Rumfa ba ya magana haka, sarki ba ya yi wa baƙo bayani da bakinsa. Ta ɗauko biro ta ce, "To Abba, wa zai yi?"