Ɗalibin Azhar Da Baƙuntar Birnin Alƙahira

Kowace shekara, idan damina ta ja baya, akan sami samari daga Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram suna ɗaure kaya zuwa Alƙahira, babban birnin Masar, don neman ilmi a Jami'ar Azhar. Hanyar tsohuwa ce. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a can saboda ɗaliban mazhabar Malikiyya, daga baya kuma mutanen Barno suka sami nasu sashe a masallacin Azhar, wanda aka sa harsashinsa a shekarar 970. Amma daɗewar hanya ba ta ɗauke wa sabon zuwa baƙunta.

Abin da ke fara ruɗa baƙo shi ne girman garin. Mutane fiye da miliyan 20 ke zaune cikinsa da kewayensa, Kogin Nilu ya ratsa shi, dutsen Muƙaɗɗam kuma ya tokare shi daga gabas. Akwai jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, shi ne na farko a Afirka, har da taragun da aka keɓe wa mata. Tsallake titi kuwa sai baƙo ya raɓi ɗan gari, don motoci ba su cika jiran kowa ba.

Wanda ya sami tallafin Azhar yakan sauka a Madinatul Bu'us, watau unguwar ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, wadda aka buɗe a 1959, inda ake ba shi makwanci da abinci. Wanda bai samu ba yakan nufi Madinatu Nasr, galibi Hayyul Ashir, su huɗu ko biyar su yi karo-karo su kama gida. Sa'an nan ga neman iƙama, takardar izinin zama, wadda ake sabuntawa kowace shekara. A kan layinta ne ɗalibi kan fara sanin nauyin kalmar "bukra", ma'ana gobe.

Cimar garin ba ta da wuyar sabo. Da safe akwai ful, wake ne da aka dafa ya yi luguf, da ɗa'amiyya, 'yar'uwar ƙosai. Da rana akwai kushari, haɗin shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa. Gurasa kuwa suna kiranta "aish", watau rayuwa. Abin da ya fi gigita ɗan ƙasar Hausa shi ne sanyin watan Janairu, wanda ya ɗara hunturun gida, sai kuma iskar hamasin mai zafi da ƙura da bazara.

To, duk wannan mai sauƙi ne in aka gwada shi da maganar harshe. Yaro ya haddace Ajurumiya, ya yi nisa a Alfiyar Ibn Malik, amma ya je sayen gurasa ya kasa gane abin da aka ce masa. Dalili kuwa, Larabcin littafi dabam, na titin Alƙahira dabam. Mutanen garin suna mai da harafin jimun ga, raƙumi ya zama "gamal". Suna haɗiye harafin ƙaf, alƙalami ya zama "alam". Har a cikin aji ma, malami yakan karanta nassi da Larabcin littafi, in bayani ya yi zafi ya zame zuwa na gida. Bayan haka akwai jarrabawar gwajin harshe, kuma wanda Azhar ba ta amince da takardar makarantarsa ba sai ya bi ta ƙananan azuzuwa tukuna kafin ya shiga kwaleji.

A nan ne ɗalibai kan rabu biyu. Wasu sukan lafe cikin 'yan'uwa, a tuƙa tuwo tare, a yi hira da Hausa dare da rana. Zumunci ne, kuma shi ke rufa wa sabon zuwa asiri a watannin farko. Amma wanda ya tsaya nan kaɗai yana iya komawa gida da takardar shaida alhali bakinsa bai buɗe ba. Wasu kuwa sukan fita. Sukan zauna a da'irorin karatu na cikin masallacin Azhar, kafaɗa da kafaɗa da 'yan Indonesiya da Maleshiya. Sukan yi ciniki da masu littattafai na Darbul Atrak, su halarci bajekolin littattafai da ake yi tun 1969. Sukan ziyarci kabarin Imam Shafi'i, da na Shehu Suyuɗi, wanda ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura wasiƙar nasiha a ƙarni na 15.

Saboda haka ya kamata iyaye su yi wa yaro cikakken guzurin shekarar farko, kada su ƙosa da jiran sakamako. Shi kuma yaron ya ajiye jin kunyar kuskure a bakin ƙofa, ya riƙa tambaya. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma rabin karatun Alƙahira a bakin mutanenta yake.